Bitar malaman lissafi ta intanet: Zoom ko WhatsApp, kuma me zai isa cikin aji?

Malam Nura:
Assalamu alaikum malamai. Ga wata magana ina so mu yi ta da lissafinta. A ce za a shirya wa malaman lissafi 60 na ƙaramar sakandare bita ta intanet ta zango ɗaya. Kowa yana makarantarsa, wasu a gari wasu a ƙauye, mafi yawansu waya kaɗai gare su, wuta kuma sai an ga dama. Ta ina za a fara? Zama kai tsaye ta Zoom, ko a zuba darasi a WhatsApp kowa ya ɗauka a lokacinsa? Don Allah kada a ce mini "a haɗa duka" a tafi. Minti nawa, sau nawa a mako, me za a aika?

Malama Binta:
Wa alaikumus salam Malam. Mu fara da data, don ita ce ke kashe bita tun kafin a zo kan lissafi. Zaman Zoom na mutane da yawa, kowa ya kunna kyamara, yana iya cin rabin gigabait ko fiye a awa ɗaya. Idan aka kashe kyamarori, aka bar murya da abin da jagora ke nunawa a fuskar waya, yawanci ba ya kai megabait 100. Bambancin ke nan tsakanin malamin da zai zo mako shida da wanda zai ɓace a mako na biyu.

Sannan Zoom na kyauta yana yanke taro a minti 40. Kada a yi faɗa da wannan, a gina zaman a kan minti 35: minti 5 na shigowa da gyaran murya, 10 na warware tambaya ɗaya kowa da takardarsa, 15 na duba aikin ɗalibai da aka turo, 5 na faɗin aikin mako mai zuwa. Sau ɗaya a mako ya isa. Duk sauran abu ya tafi WhatsApp.

Malam Isiyaku:
Ni ban yarda da zaman kai tsaye ba ko na minti 35 ɗin. Mutum 60 a Zoom, goma sabis zai yi ta jefar da su, ashirin su rufe makirfo su ci gaba da harkarsu. Wanda ya yi magana su ne mutum huɗun da dama sun iya. A yi komai a WhatsApp: saƙon murya na minti 3, hoto ɗaya, tambaya ɗaya.

Malama Binta:
Mutum 60 a ɗaki ɗaya ai dama kuskure ne, Malam Isiyaku, ko a Zoom ko a WhatsApp. A kasa su gida shida, goma-goma, kowane gida da jagoransa. Babban zauren ya zama na sanarwa, a rufe shi yadda masu kula kaɗai za su iya rubutu, in ba haka ba barka da Juma'a da sanarwar ɗaurin aure za su binne aikin. Zaman kai tsaye kuwa akwai abin da saƙon murya ba zai yi ba: ka ga malami yana warware tambaya, ya tsaya a tsakiya, ka tambaye shi me ya sa ya tsaya a nan. A rubuce ba ka ganin wannan, sai amsa ta ƙarshe wadda wataƙila ma an kwafo.

Hajiya Rabi:
Ku yi haƙuri in katse ku, kuna gardamar mota ba a faɗi inda za a je ba. Abin da ke sa bita ta mutu, ta intanet ce ko ta zaure, shi ne malami ya saurara ya koma aji ya ci gaba da yadda ya saba. Saboda haka kowane mako sai ya ɗauki wannan zagaye. Litinin a turo tambaya ɗaya ta gano kuskure. Talata ko Laraba malami ya ba ajinsa ita, minti 5 a farkon darasi, ba maki, ba bulala. Ya ƙirga amsoshi, ya ɗauki hoton littattafai uku: ɗaya daidai, biyu masu kuskure iri dabam-dabam. Alhamis ya tura wa gidansa. Asabar a zauna a kan waɗannan hotuna. Litinin ta gaba ya sake koyar da abin da sabuwar dabara.

Tambayar kuma ba kowace iri ba. Sai wadda kowace amsar kuskure take gaya maka abin da yaro ke tunani. Misali 1/2 + 1/3. Zaɓi: 2/5, 5/6, 2/6, 1/6. Wanda ya ɗauki 2/5 ya tara sama da sama, ƙasa da ƙasa. Mai 2/6 ya ji labarin cewa ana neman 6 a ƙasa, amma bai taɓa lambobin sama ba, ya tara su yadda suke. Mai 1/6 ninkawa ya yi. Cuta uku ce dabam, maganinsu ba ɗaya ba ne. Mai 2/5 ba ƙa'ida yake buƙata ba tukuna, tambaya yake buƙata: ka fara da rabi, an ƙara maka wani abu, yaya aka yi ka koma ƙasa da rabi? In ya ga 2/5 bai kai rabi ba, shi da kansa zai ƙi amsar.

Malam Nura:
Hajiya wannan ya zauna. To ta ina za a tattara amsoshin? Ƙuri'ar WhatsApp?

Malam Garba:
Idan ƙirgar amsoshin ɗalibai ce, malami ya rubuto kawai: mutum nawa a aji, nawa suka ɗauki kowace amsa. Amma idan malaman ne kansu za a gwada, a guji ƙuri'ar WhatsApp. Tana nuna wa kowa wanda ya zaɓi me, don haka mutum zai jira ya ga inda manya suka nufa ya bi, ko ya ƙi taɓawa don kada a ga kuskurensa. Google Forms, wato fom ɗin tambayoyi na intanet, ya fi, kada a nemi suna. Abu biyu a kula da su. Ba ya rubuta kaso da alamomin lissafi da kyau, to a rubuta tambayar da baƙin alƙalamin maka a farar takarda, a ɗauki hoto a saka. Na biyu, kada a sa gurbin ɗora fayil, don da zarar an sa shi sai mutum ya shiga da asusun Google, kuma a nan ne rabin mutane za su maƙale da mantuwar kalmar sirri.

Gwada malaman kuma wajibi ne, a yi shi cikin mutunci. Da yawa daga masu riƙe da lissafi a ƙananan sakandare ba shi suka karanta ba, an ba su ne don babu kowa. A tambaye su: wanne ya fi girma, 0.3 ko 0.25, kuma yaya za ka gamsar da yaron da ya ce 0.25 don 25 ta fi 3? Me ya sa raba 6 da rabi ke ba da 12, alhali an ce rabawa ragewa take yi? Cike gurbi: 8 + 4 = __ + 5. Wannan ta ƙarshe yara da dama 12 suke rubutawa, wasu 17, don sun ɗauki alamar daidai a matsayin "ga amsa nan tafe", ba a matsayin sikeli mai hannu biyu ba. Yaron da ya shiga aljabara da wannan fahimta zai sha wuya a kan kowane x.

Malam Isiyaku:
Wannan ta 6 raba rabi, mafi sauƙi a ce: mudu shida na gero, ana awo da rabin mudu, awo nawa? Sha biyu. An gama.

Hajiya Rabi:
An gama da wannan ɗaya. Bita mai kyau za ta ce wa malamin: to kawo mini labarin da ya dace da 6 raba 3/4, sannan 3/4 raba 1/2. A nan ake gane wanda ya fahimta da wanda ya haddace "juya ka ninka". Shida raba uku bisa huɗu takwas ne, ana iya zana shi: sanda shida, kowace a tsaga gida huɗu, gida 24 ke nan, a ɗiba uku-uku. Na biyun ɗaya da rabi ne, kuma rabin nan rabin me ne? Rabin ma'aunin ne, ba rabin mudu ba. Minti goma sha biyar ɗin Malama Binta za su iya ƙarewa a kan wannan tambaya kaɗai, kuma ba asara aka yi ba.

Wani abu da muke da shi a hannu muna wucewa: rabon gado. Kalmomin kaso suna bakin mutane tun daga makarantar Islamiyya, rabi, sulusi, rubu'i, sudusi, sumuni. Mutum ya rasu ya bar mata da uwa da ɗa namiji ɗaya. Mata sumuni, uwa sudusi, saura na ɗa. Don a tara 1/8 da 1/6 sai an nemi 24: uku da huɗu, bakwai bisa 24, ɗa ya ɗauki 17 bisa 24. In dukiyar naira 240,000 ce, mata 30,000, uwa 40,000, ɗa 170,000. Yaro zai ga dalilin neman lambar ƙasa ta tarayya, ba don malam ya ce ba. A ajin da ba duka suka san wannan ba, a koma kan mudu da tiya.

Malam Musa (Damagaram):
Sannunku da aiki. Abin da Hajiya ta faɗa haka yake a nan Nijar, sai dai in bitar za ta haɗa malamai daga ɓangarorin biyu, a kula da rubutu. Mu da muka bi tsarin Faransanci waƙafi muke sawa a inda kuke sa ɗigo, 0,25 maimakon 0.25. Yadda ake shimfiɗa doguwar rabawa a allo ma ya bambanta, mu mai rabawa yana dama, amsa a ƙarƙashinsa. A faɗi wannan a makon farko, in ba haka ba wani zai ga hoton littafi ya ce yaro ya yi kuskure alhali daidai ne. Manhajar zanen lissafi ta GeoGebra kuma ɗigo take so.

Game da gardamar Zoom da WhatsApp, shirin IFADEM na horar da malamai daga nesa a ƙasashe masu Faransanci, har da Nijar, bai jingina komai a kan intanet ba. Akwai littattafai bugaggu a hannun malami, akwai mai bibiya da ke haɗuwa da ƙaramin rukuni. Duk abin da za ku aika, ku yi shi PDF mai shafi biyu da za a iya bugawa baƙi da fari a shagon kwafi.

Malam Garba:
Tunda an ambaci GeoGebra, bari in ba da darasi ɗaya cikakke, don a ga inda ake tuntuɓe. Manhajar kyauta ce, Markus Hohenwarter ya fara ta a 2001 a Salzburg ta Ostiriya, kuma in an sauke ta a waya tana aiki ba data. Ƙa'idar da za a nuna: kusurwar da ke cibiyar da'ira ninki biyu ce ta wadda ke bakin da'ira, in suna kan baka ɗaya, wato yanki ɗaya na bakin da'irar. Wannan na babbar sakandare ne, amma rahotannin manyan masu duba jarrabawar WAEC sun sha ambaton lissafin da'ira cikin wuraren da ɗalibai ke rauni, don haka ya cancanci mako guda.

A zana da'ira mai cibiya O. A sa ɗigo uku a bakinta, A da B da C, C a kan babban baka. A ja layi daga O zuwa A da B, daga C zuwa A da B. A ɗauki ma'aunin kusurwa a taɓa A, O, B, sannan A, C, B, kullum kan kusurwar ne na tsakiya. Sai a ja C da yatsa a ga lambar ba ta motsi.

Tuntuɓe na farko: ɗigon bai kama da'irar ba, an ajiye shi kusa da ita ne kawai, da an ja sai ya fita, lambar ta canja, malami ya rikice a gaban mutane. Sai an taɓa kan layin da'irar sosai, kuma a gwada ja kafin a ci gaba. Na biyu: manhajar tana auna kusurwa ta hanyar da ta saɓa wa tafiyar agogo, don haka in ka taɓa B kafin A za ta iya ba ka 280 maimakon 80. Na uku shi ne mai daɗin: cibiya 80, baki 40, ka ja C ya tsallaka zuwa ƙaramin baka, sai ka ga 220. A shiga saitin wannan kusurwa a taƙaita ta tsakanin 0 da 180, za ta koma 140. To 140 rabin me ne? Rabin 280, wato kusurwar cibiya ta ɗaya gefen. Daga nan 40 da 140 sun ba da 180, ka shiga ƙa'idar kusurwoyi masu fuskantar juna a mai gefe huɗu na cikin da'ira ba tare da ka buɗe sabon shafi ba. Na huɗu: in an rage lambobin bayan ɗigo, za ka iya ganin 73 da 37, yaro mai ido ya ce malam ai ba ninki biyu ba ne. A bar shi a lamba biyu bayan ɗigo.

Malam Isiyaku:
Duk na ji, Malam Garba. Aji mai yara 90, babu majigi, babu soket. Wa zai ga wayar?

Malam Garba:
Ba don yara 90 ba ne, don malamin ne. Shi zai ja C sau hamsin a wayarsa har abin ya zauna masa, ya san abin da zai faru a ƙaramin baka kafin yaro ya tambaye shi. A aji kuwa igiya da alli sun isa a zana babbar da'ira a allo, yara su zana tasu da kamfas, kowane benci ya sa C ɗinsa a inda ya ga dama, su auna, a rubuta sakamakon benci goma a allo. Za a samu 39, 40, 41, 42. Nan ne malam zai ce awo ba hujja ba ne, a ja layi daga C ta cikin O, a fito da alwatika biyu masu ƙafafu daidai, a kafa hujjar. Bitar da ta tsaya a kan "kun ga yadda yake motsi" ta bar aikin a rabi.

Fayil ɗin GeoGebra ƙarami ne ƙwarai, ana tura shi ta WhatsApp ko Xender. Makarantar da ke da kwamfutar tafi-da-gidanka ko ɗaya ce za ta iya sa manhajar Kolibri mai ajiye darussa, a sauke darussan shafin koyo na Khan Academy sau ɗaya a gari, sauran wayoyi su shiga ta wayfai na cikin gida ba tare da intanet ba.

Malama Binta:
Ƙari kan nuna rubutu a Zoom, don rubuta lissafi da yatsa a fuskar waya azaba ce. A jera littattafai tsayin kamu ɗaya da rabi, a ɗora wayar a kai kyamarar baya na kallon ƙasa, farar takarda a ƙarƙashi, baƙin maka mai kauri. Jagora kaɗai ke kunna kyamara. Haske ya zo daga gefe, in ya zo daga sama inuwar wayar za ta rufe rubutun. In da kyamarar gaba aka yi, mutum zai ga rubutunsa a juye kamar a madubi, kada ya damu, shi kaɗai ke ganinsa haka.

Hoton littafin ɗalibi kuma a tura shi a matsayin fayil, ba hoto ba, don WhatsApp na matse hoto har fensir ya dushe, ƙaramin 2 na sama ya ɓace. A rufe sunan yaro da ɗan takarda kafin a ɗauka. Bidiyon aji in za a yi, kada ya wuce minti 5, waya a bayan aji tana kallon allo ba fuskokin yara ba, kuma da izinin shugaban makaranta.

Malam Nura:
Saura maganar da kowa zai fara tambaya: satifiket da alawus.

Hajiya Rabi:
Kuɗin data a ba da shi mako-mako, bayan an turo aikin makon, ba dunƙule a farko ba. Satifiket kuma kada a ɗaura shi a kan halarta, don shiga Zoom a ajiye waya a aljihu ma halarta ce. A ce sai wanda ya kawo zagaye biyar cikin shida, kowanne da ƙirgar aji da hotuna uku da layi biyar na abin da ya canja a darasi na biyu. Wanda kuma zai biya kuɗi don wata bita da aka ce za ta yi masa amfani wajen sabunta lasisi, ya fara tabbatarwa daga TRCN, hukumar rajistar malamai ta Najeriya, cewa ta san da masu shirya ta.

Ba sai an ƙirƙiro komai daga sifili ba. Kayan TESSA, shirin horar da malamai da Buɗaɗɗiyar Jami'ar Ingila ta jagoranta tare da cibiyoyin Afirka ciki har da cibiyar horar da malamai ta ƙasa, NTI ta Kaduna, kyauta ne, akwai sashen lissafin firamare, kuma an rubuta su ne don aji mai cunkoso da ƙarancin kaya. Shirin SMASE na inganta koyar da lissafi da kimiyya, da aka fara a Najeriya a 2006 da tallafin hukumar JICA ta Japan, a jihohin Kaduna da Neja da Filato, shi ma a kan wannan zagayen ya tsaya: tsara, koyar, duba, gyara. Rauninsa irin na duk bitar da ake miƙawa daga mataki zuwa mataki ne, kafin ta sauko daga masu horarwa na ƙasa zuwa na jiha zuwa malamin aji ta tsarke. Abin da intanet ta ƙara shi ne jagora na iya ganin littafin yaron da ke ƙauye ranar Alhamis ɗin nan.

Malam Isiyaku:
Na sauko rabi. Zaman Asabar ya tsaya, amma a ɗauki muryarsa a tura wa wanda sabis ya hana, kuma rashin shiga kada ya hana satifiket in aiki ya zo. Sannan jagora ɗaya kada ya wuce mutum goma: hoto uku sau goma talatin ne a mako, in ya ba kowanne minti uku awa ɗaya da rabi ke nan, kafin ya rubuta wa kowa amsa. A ba shi ashirin, zai koma tura alamar babban yatsa.

Malam Musa (Damagaram):
Kuma a duba kalandar makaranta kafin a sa rana. Mako biyun farko na zango yara ba su gama dawowa ba, na ƙarshe jarrabawa ce da cike sakamako. Shidan nan su faɗa tsakanin mako na uku da na takwas, tambayar kowane mako ta bi abin da manhajar karatu ta ce ana koyarwa a lokacin, don kada malami ya ce an fitar da shi daga tsarin aikinsa.

Malam Nura:
Madalla, Allah ya saka da alheri. Ga jerin da na fitar, a gyara mini: mako na ɗaya alamar daidai, na biyu girman lambobin ɗigo, na uku tara kaso, na huɗu raba kaso, na biyar lambobin ƙasa da sifili, na shida buɗe baka biyu ( ) a aljabara, irin masu cewa (a + b)² daidai yake da a² + b². Da'irar Malam Garba a ajiye ta wa rukunin babbar sakandare.

Hajiya Rabi:
Ka musanya na biyu da na uku, kaso ya riga ɗigo, don 0.3 ba za ta yi ma'ana ba sai yaro ya san uku bisa goma. Na shida kuma ka sa su zana murabba'i mai gefe 3 + 2 a takarda mai gida-gida su ƙirga: 9 da 4 sun ba da 13, gidajen kuwa 25 ne, sai su nemo inda 12 suka shiga.